Miji ya tafi, igiya na nan: Yadda ake raba auren zobe a Kano idan an ƙaurace wa mace

A Kabara da maƙwabtanta na cikin ganuwar Kano, macen da mijinta ya sa ƙafa ya fice bai waiwayo ba ta san inda za ta dosa. Waliyyinta zai fara tuntuɓar dangin mijin, daga nan a je wurin mai unguwa ko ofishin Hisba. In abin ya faskara, sai kotun shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu, wadda ba ta da nisa da Gidan Ƙadiriyya.

Hukuncin ma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a zauren karatu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birni, ta yi bayanin matar da mijinta ya ɓace: alƙali zai sa a bincika, ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Wadda kuma aka bari babu ci babu sha, malaman Malikiyya sun ba alƙali damar raba auren ba tare da an kai wannan tsawon lokaci ba.

Amma Kano ba cikin ganuwa kaɗai ba ce. Akwai Kiristocin Sabon Gari da Badawa da barikokin soja da na 'yan sanda, akwai kuma Hausawa Kiristoci a ƙananan hukumomi irin su Sumaila da Rogo da Tudun Wada. Su ma maza na guduwa su bar mata da 'ya'ya, kamar yadda wasu matan ke kwashe kaya su bar maza. Bambancin shi ne, wanda ya yi auren rajista, wanda Hausawa ke kira auren zobe, babu mai unguwa ko fasto ko alƙalin kotun Musulunci da zai iya kwance masa igiyar. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da wannan hurumi. Kuma duk yawan shekarun da miji ya yi ba a ji ɗuriyarsa ba, auren ba ya mutuwa da kansa.

Lamarin ya shafi 'yan cikin birni fiye da yadda ake zato. Macen da ta yi auren rajista a coci, mijin ya gudu, daga baya ta musulunta ta samu mai so a cikin gari, malamai za su yi mata bayanin matsayin auren farko a Musulunci. Sai dai a idon dokar ƙasa, takardar auren nan tana nan da ƙarfinta, domin sauya addini ba ya cikin dalilan da dokar ta lissafa na raba aure. Haka abin yake ga namijin da ya sauya addini ya bar matar farko a Sabon Gari ko a garinsu.

A fara duba takardar aure

Abin da lauya zai fara nema ke nan, domin ba duk auren da aka yi a coci ba ne auren doka. Dokar Aure ta 1914 ta tanadi cewa a fara kai sanarwa ofishin magatakardar aure, a jira kwana 21, ya ba da takardar shaida. Daga nan a ɗaura auren ko dai a ofishinsa, ko a cocin da ke da lasisin gwamnati, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaura auren.

Ma'aurata da yawa, musamman a karkara, sadaki suka biya bisa al'ada, sannan fasto ya sa musu albarka. An sa farar riga, an sa zobe, an yanka kek, amma idan duk su biyun sun san ba a bi ta ofishin magatakarda ba, abin da ke hannunsu auren al'ada ne, kuma hanyar raba shi ta al'adar ƙabilarsu ce, wadda galibi kan haɗa da mayar da sadaki.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi haɗari. Dangi su zauna, a mayar wa dangin miji sadakinsu, kowa ya tashi da tunanin an gama. In dai akwai takardar rajista, mayar da sadaki bai taɓa ta ba.

Shekara ɗaya, amma da sharaɗi

Dokar da ke kula da rabuwar irin wannan aure ita ce Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kuma ɗebo yawancin tanade-tanadenta daga dokokin Ostireliya da Ingila. Sashe na 15 ya ce dalili ɗaya ne tak na raba aure: ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba. Sai dai alƙali ba zai yarda da hakan don an faɗa da baki ba, sai mai ƙara ya tabbatar da aƙalla ɗaya daga cikin abubuwa takwas da sashen ya jera. Ƙauracewa na ciki: wanda ake ƙara ya ƙaurace wa mai ƙara na tsawon aƙalla shekara ɗaya a jere, har zuwa ranar da aka shigar da ƙarar.

A kunne abin da sauƙi. A gaban alƙali kuwa, ba kowace tafiya ba ce ƙauracewa. Kotuna na neman a nuna cewa an rabu a zahiri, wanda ya tafi ya tafi ne da niyyar ba zai dawo zaman aure ba, ba da yardar wanda aka bari ya tafi ba, kuma ba shi da wani ƙwaƙƙwaran dalili na tafiyar.

Niyyar ita ce ƙashin bayan shari'ar, ita ce kuma mafi wuyar tabbatarwa. Magidancin da ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, ko ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, yana kiran waya yana turo abin da ya samu, bai ƙaurace ba ko da ya shekara uku. Haka sojan da aka tura fagen daga, ko wanda ke tsare a gidan yari. Amma tafiyar da ta fara da sallama da addu'a tana iya rikiɗewa ta zama ƙauracewa, daga ranar da mutumin ya yanke shawarar ya gama da gidan: ya sauya layin waya, ya daina aike, ya tare da wata, ko ya aiko wa 'yan'uwansa cewa kada a jira shi. Daga wannan lokaci ake fara ƙirga shekarar, ba daga ranar da ya hau mota ba.

Shi ya sa ƙananan abubuwan da mace kan goge cikin fushi su ne hujjarta. Saƙon WhatsApp na ƙarshe, bayanan banki da ke nuna watan da kuɗi suka daina shigowa, rasit ɗin kuɗin haya da na makaranta da ta koma biya ita kaɗai, wasiƙar da dattawan coci suka rubuta masa bai amsa ba. Mai gidan haya, maƙwabci, ko ɗan'uwan mijin da aka aika sulhu, duk suna iya tsayawa shaida.

Yaji da biko a ma'aunin doka

Nan ne al'adarmu da dokar ke haɗuwa. Macen da ta yi yaji ba ta ƙaurace ba, tunda kowa ya san jira take a zo biko. Ba ta da niyyar barin auren, gyara take nema. To amma idan mijin ya je biko da zuciya ɗaya, ya kai dattawa, ya gyara abin da aka yi kuka da shi, ita kuma ta ƙi komawa ba tare da wani dalili ba, lissafin na iya juyawa kanta. Haka ma mijin da ya gudu: in ya dawo da gaske yana neman a ci gaba da zama kafin a shigar da ƙara, aka ƙi shi babu hujja, ƙauracewarsa ta yanke. Alƙali ne zai auna ko da gaske ya dawo, ko kuwa ya ji ƙishin-ƙishin za a kai shi kotu ne.

Sashe na 18 kuma ya zo da wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Ba lallai wanda ya bar gida ya zama shi ne mai laifin ƙauracewa ba. Idan halin miji ne ya kori matar, kamar duka, ko barazana ga rayuwarta, ko kawo wata mace ɗakinta, doka na ɗaukar cewa shi ne ya ƙaurace mata, ko da yana zaune daram a gidan, ko da kuma ya rantse bai yi nufin ta tafi ba. Don haka macen da ta tsere da tabo a jiki kada a tsorata ta da cewa ita ce ta gudu. Takardar asibiti da rahoton da ta kai wa 'yan sanda su ne za su yi mata magana.

Dokar ta kuma bar ƙofar gwada sulhu. Idan ma'auratan suka koma zama tare na wani lokaci da bai wuce wata shida ba gaba ɗaya, sannan abin ya sake watsewa, ba za a ce a fara ƙirga daga farko ba. Za dai a cire watannin da suka zauna tare daga lissafi. Misali, mijin ya yi wata takwas ba ya nan, ya dawo ya yi wata biyu, ya sake ficewa: bayan wata huɗu shekara ta cika.

Akwai wani shinge daban. Sashe na 30 ya hana shigar da ƙarar raba aure kafin auren ya cika shekara biyu, sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai kamar zina ko ƙin kusantar juna tun farko. Amaryar da ango ya gudu ya bari wata uku da biki, shekararta ta ƙauracewa za ta cika tun auren na wata 15, amma ko ta jira sauran watannin, ko ta gamsar da alƙali cewa jiran zai jefa ta cikin wahalar da ta wuce misali.

Wa za a kai wa sammaci?

Ƙarar ana shigar da ita ne a Babbar Kotun Jiha, wadda a Kano take da zaure a Sakatariyar Audu Bako da kuma titin Miller a Bompai. Ba sai an koma garin da aka ɗaura aure ba. Dokar ta ɗauki Najeriya a matsayin mazauni guda, saboda haka wadda aka ɗaura wa aure a Jos ko Inugu tana iya shigar da ƙara a Kano, kodayake kotu na iya mayar da shari'ar wata jiha idan ta ga hakan ya fi dacewa. Ko mijin baƙo ne ya koma ƙasarsu, sashe na 7 ya kare matar da aka ƙaurace wa: in dai Najeriya ce mazauninta kafin auren ko kafin tafiyarsa, kotun Najeriya za ta saurare ta.

Lauya zai haɗa takardar koke da takardar aure da rantsuwa, da shaidar cewa ya yi wa mai ƙara bayanin hanyoyin sulhu. Shi ma alƙali doka ta ɗora masa duba yiwuwar sasantawa a kowane mataki.

Sai babbar matsala: dole wanda ake ƙara ya san ana ƙararsa, ga shi kuma ba a san inda yake ba. A nan shari'o'in ƙauracewa suka fi cin lokaci. Ma'aikacin kotu zai je inda aka san shi da zama na ƙarshe. In bai same shi ba, lauya zai nemi izinin isar da sammacin ta wata hanya: a liƙa a ƙofar gidan, a miƙa wa wani ɗan'uwansa da ake da yaƙinin suna magana, ko a buga a jarida. Wasu kotunan ƙasar nan sun fara amincewa da imel ko WhatsApp idan an nuna cewa mutumin na amfani da su. Kowane mataki kuɗi ne, kuma macen da aka bari da 'ya'ya da kuɗin haya ita ce za ta biya. Dangin miji kuma sau da yawa sun san inda ɗansu yake, shiru kawai suke yi.

Ga wadda ba ta da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA duk suna da rassa a Kano, kuma nan ne wurin fara tambaya.

Ko mijin bai zo ba, ba a ba da hukunci hakanan. Sai mai ƙara ta shiga akwatin shaida ta gamsar da alƙali. Akwai kuma abin da kan zo wa wasu a ba-zata: idan ita ma ta yi tarayya da wani namiji bayan tafiyar mijin, ana so ta bayyana hakan a wata takarda ta sirri, ta roƙi kotu ta yi mata uzuri. Alƙali na da ikon ya raba auren duk da haka, yana kuma da ikon ya ƙi. Ɓoyewa ce ta fi jawo matsala.

Idan niyyar mijin ta yi wuyar tabbatarwa, lauyoyi kan haɗa da wasu hujjojin da ke cikin sashe na 15. Rabuwar shekara biyu ta isa idan ɗaya ɓangaren bai ƙi ba. Rabuwar shekara uku kuwa ta isa ko ya ƙi ko ya yarda, ba kuma sai an nuna mai laifi ba. Ga matan da suka daɗe a zaune, wannan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun shekara bakwai

Akwai maganar da ta yaɗu cewa in miji ya shekara bakwai ba a gan shi ba, aure ya mutu. Tushenta gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Abin da dokar ta ce shi ne, rashin jin ɗuriyar mutum na shekara bakwai a jere, ba tare da wani dalilin zaton yana raye ba, ya isa hujjar da kotu za ta ɗauka cewa ya mutu ta raba auren. Kotu ce za ta ɗauka, ba dangi ba. Wadda ta samu wannan hukunci, ko mijin ya ɓullo daga baya, aurenta na biyu na nan. Wadda ta ƙirga shekarun da kanta ta yi aure, ranar da ya ɓullo sabon auren ya zama babu shi a idon doka.

Abin bai tsaya nan ba. Dokar Aure ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda yake da auren rajista ya je ya ɗaura auren al'ada da wani. Ba kasafai ake gurfanar da mutane kan wannan ba, amma illar tana fitowa ne a wani wuri: ranar rabon gado, ranar karɓar haƙƙoƙin ma'aikacin da ya rasu, ranar neman biza. Macen da ta yi shekara 15 tana fafutuka ita kaɗai, ta sayi fili ta yi gini, in ta rasu ba a raba auren ba, mutumin da ya gudu shi ne mijinta a takarda, kuma zai iya zuwa da takardar. Haka matar da mijin ya tare da ita a can inda ya gudu: ranar da ya mutu za ta gane cewa wadda aka bari ce doka ta sani. 'Ya'ya dai sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana a tauye su saboda yanayin haihuwarsu.

A cikin ƙarar ce kuma ake neman sauran haƙƙoƙi: riƙon 'ya'ya, wanda kotu ke yankewa bisa abin da ya fi zama maslaha gare su, kuɗin ciyarwa, da rabon kadarar da aka tara tare. Idan mijin ma'aikaci ne da aka san inda yake karɓar albashi, kotu na iya umartar a riƙa cirewa daga can. In kuwa ba a san inda yake ba, hukuncin ciyarwa kan tsaya a takarda, gaskiyar ke nan.

Ranar da alƙali ya yanke hukunci ma ba ranar aka gama ba. Hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata, kuma idan akwai yara 'yan ƙasa da shekara 16, sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi musu. Wanda ya ɗaura sabon aure a cikin waɗannan watanni, a kan igiyar farko ya ɗaura.

A Ingila, inda aka aro wani ɓangare na tsarin, tun watan Afrilun 2022 aka daina neman hujjar ƙauracewa ko laifin wani, sanarwar cewa aure ya lalace ta wadatar. Najeriya na nan kan dokar 1970.

Kotu ta raba, coci fa?

Ga mai bi, takardar kotu rabin tafiya ce. Cocin Katolika ba ta ɗaukar hukuncin kotu a matsayin abin da ya kwance auren da aka ɗaura tsakanin masu baftisma biyu. Wadda aka ƙaurace wa tana iya zuwa kotun gwamnati don kare haƙƙinta da na 'ya'yanta ba tare da ta yi laifi ba, amma sake aure a coci sai kotun cocin ta bincika ta gano cewa tun asali auren bai ƙullu ba, misali saboda tilas, ko yaudara, ko wani aure da aka ɓoye. Gudun miji shi kaɗai ba ya cikin waɗannan dalilai, sai dai yana iya zama alamar cewa tun ranar biki bai shiga da niyyar zama ba. A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa matakan wannan bincike, ya kuma ba bishop-bishop damar yanke hukunci cikin gaggawa a shari'o'in da hujjarsu ta fito fili. Mai neman wannan a Kano, ta hannun fadan cocinsa zai fara.

A ɓangaren sauran ɗariƙu, mahawarar ta fi karkata kan wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura 7 aya 15, wadda ta yi magana kan abokin aure marar bi da ya zaɓi rabuwa. Tun a 1646 malaman da suka rubuta Shaidar Bangaskiya ta Westminster a Ingila suka amince da dalilai biyu na raba aure: zina, da ƙauracewa da gangan wadda coci ko hukuma suka kasa magancewa. Wasu coci-coci na bin wannan fahimta, wasu kuma na cewa ayar ba ta shafi mijin da shi ma Kirista ba ne, wasu ba sa sake ɗaura wa kowa aure muddin abokin zaman farko na raye. A irin waɗannan, wadda ta sake aure na iya shiga ƙarƙashin horo, a dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji ko riƙe muƙami a zumuntar mata.

Saboda haka lauyoyin da suka saba da irin wannan shari'a kan shawarci mace ta sanar da majalisar dattawan cocinta a rubuce tun watannin farko na tafiyar mijin, ta kuma ajiye kwafi. Wasiƙar za ta yi aiki a wuri biyu: a gaban dattawa ta nuna ita ce ta nemi sulhu, a gaban alƙali kuma ta nuna ranar da aka fara nemansa da kuma cewa ba da yardarta ya tafi ba.